Gishirin Jamus a Ƙarƙashin Marsandin Baba

Wanda ya taso yana ganin kantun gishirin Bilma a kasuwa, ana saye da tsada ana tattalinsa don miya da dabbobi, da wuya ya yarda cewa akwai ƙasar da hukuma ke loda gishiri a manyan motoci ta bi tituna tana watsawa. Ni na ga aikin wannan gishiri da idona a ƙarƙashin Marsandin mahaifinmu, a wani gareji da ke kusa da Ƙofar Ruwa a Kano, cikin hunturun 1994. Ina ɗan sakandare a lokacin, ana hutu, Baba ya ce in riƙa zuwa garejin ina zama a madadinsa tunda shi kasuwa ba ta barinsa. Abin da na gani a hutun nan har yau da shi nake auna aikin mutane.

Kafin zuwan tsofaffin motocin Turai irin ta Baba, Fijo ce motar Arewa. Tun da aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975, ƙirar 504 ta zama motar gwamnati, motar asibiti, motar haya, motar kai amarya. Ma'aikaci kan karɓi bashin mota ya fito da sabuwa dal, kujerunta a leda. Sai 1986 ta zo da tsarin SAP na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da matsakaicin ɗan kasuwa. Daga nan ido ya koma kan tsofaffin motocin Turai, waɗanda ake lodawa a jiragen ruwa daga Antwerp da Hamburg a sauke su a Kwatano da Lome. Wasu su gangara Legas, wasu su hau arewa ta Paraku, su tsallaka kogin Kwara daga Malanville zuwa Gaya, su bi Doso da Birnin Ƙonni har Maraɗi. Baba ɗan Kantin Kwari ne mai sayar da atamfa, yana da abokan ciniki a Maraɗi, a can ya ga motar, ya yi ciniki, aka yi mata takardun kwastan, ya shigo da ita ta Jibiya da Katsina.

Mercedes-Benz ce ƙirar 240D, daga jerin da kamfanin ke kira W123, wanda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986 har kusan guda miliyan 2.7. Launinta fari ne mai ratsin ruwan madara, irin wanda dokar Jamus ta keɓe wa motocin tasi, kuma a jikin dashbod akwai ƙananan huji inda aka cire mita. Ba mu buƙaci kowa ya gaya mana aikin da ta yi a ƙasarsu ba. Injinta silinda huɗu ne, lita 2.4, ƙarfin doki 72, wanda ya yi kaɗan ga mota mai nauyinta. Idan Baba ya taka totur a hanyar Zariya, sai ta ɗauki lokacinta kafin ta miƙe, Fijo su wuce mu suna hon. Baba bai taɓa damuwa ba. Yakan ce sannu ba ta hana zuwa, kuma mu da suka wuce muna riskarsu a gidan mai.

Motar ta gas ce, injin gas kuwa ba ya amfani da fulogi. Fistin ne ke matse iska har kusan ninki 21, ta yi zafin da idan aka feso man gas a cikinta zai kama da kansa. Shi ya sa da sanyin safiya sai an jira hita. Baba zai murɗa makulli rabi, ya karanta addu'ar hawa abin hawa yana kallon ɗan hasken da ke dashbod, sai ya mutu sannan ya ƙarasa murɗawa. Ƙarar da ke biyo baya duk layinmu sun san ta, masu kosai ma da ita suke gane Alhaji ya fito. Famfon man nata na ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta, idan ta tashi ko batir ya mutu ba ta tsayawa. A jikin injin akwai wani ɗan jan maɓalli da aka rubuta STOP, wanda ake dannawa idan an zare makulli ta ƙi mutuwa. Irin wannan juriya ce ta sa direbobin Maroko suka riƙe 240D a matsayin babbar tasi mai ɗaukar fasinja shida shekaru da yawa bayan Turawa sun sallame ta.

Abin da ya raba ta da Jamus kuwa yana ƙasanta. A lokacin sanyi, dusar ƙanƙara kan daskare a kan kwalta, sai a watsa gishiri domin ya narkar da ita kada motoci su zame. Tayoyi su kwashi wannan ruwan gishiri su watsa shi cikin kowane lungu na ƙarƙashin mota. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana hanzarta haɗuwar, sannan yana jawo laima ya riƙe ta. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka idan ta shiga tsakanin faranti biyu sai ta kumbura ta raba su. A Jamus ana duba lafiyar motar gida duk shekara biyu, ta haya kuwa duk shekara, kuma motar da ƙarfen da ke ɗauke da ita ya huje ba ta samun takarda. Kuɗin mai walda a can ya fi kuɗin tsohuwar mota, sai a sayar wa dillali, dillali ya sa ta a jirgi. Fijon da aka haifa a Kaduna ba ta san wannan ciwo ba. Tamu ta zo da gishirinta a ɓoye cikin dokin ƙofa da ƙarafan shasi. Da rani ya kwanta, da damina ta sauka ya farka ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Alamun sun fara a hankali. Wari na rima a cikin mota duk watan Agusta. Kafet a jiƙe wajen ƙafar mai zaman banza, har Umma ta riƙa tattare zaninta idan ta shiga. Ƙura tana shigowa alhali gilasai a rufe suke. Daga baya totur, wanda a irin wannan mota a daɓe aka kafa gindinsa, ya fara lilo a ƙarƙashin ƙafar Baba. Ƙofar baya ta dama ta sauka, sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Ranar da magana ta fito fili muna tsakanin Katsina da Jibiya, taya ta yi faci. Yayana ya zura jak a raminsa yana juyawa, jak yana hawa, mota tana nan inda take. Sai muka ji wani ɗan ƙara, garin tsatsa ja ya zubo a kan yashi, bakin jak ya shige cikin jikin motar. Da duwatsu da taimakon wani direban babbar mota aka canja tayar. Har muka iso gida Baba bai ce komai ba.

Shawara ta yi yawa a rumfarsa. Wasu suka ce ya sa a cike ramukan da foti, a shafe ƙasan da kwalta, a fesa sabon fenti, a kai ta wurin dillalai, mai rabon wahala ya saya. Baba ya ce ba zai sayar wa ɗan'uwansa abin da shi kansa yake tsoron ɗora iyalinsa a kai ba. Canja mota kuma ba ta taso ba. A watan Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, kayan Turai suka yi tsada a Maraɗi, naira ma tana ta zubewa, ga yajin aikin ma'aikatan mai da ya tsayar da ƙasa a tsakiyar shekara. Kowa yana lallaɓa abin da ke hannunsa. Ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ya shiga tambayar wanda ya iya.

Duk wanda ya tambaya, wuri ɗaya ake nuna masa. Dattijo ne fanalbita, siriri, mai furfura a gemu da tabon wuta a damatsa. Gidansu gidan maƙera ne, ya fara da zuga-zugi a maƙerar mahaifinsa yana yaro, ya iya fartanya da lauje kafin ya taɓa mota, daga baya ya koyi aikin bodi a wurin masu gyaran manyan motoci. Garejin nasa fili ne da rumfar kwano da inuwar darbejiya. Kayan aikinsa ba su cika akwati biyu ba: guduma iri-iri, cizal, almakashin ƙarfe, awartaki, guntun ƙarfen dogo, kututturen ice mai kwarmi, tukunyar kabaid da doguwar tukunyar iskar oksijin. Baba yana kiransa Malam, shi yana kiran Baba Alhaji, yaransa suna ce masa Maigida, ni kuwa Baba nake ce masa, shi ya ce mini ɗana.

Bai yi maganar kuɗi ba sai da ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashinta. Da ƙaramar guduma ya bi ta tun daga bamba zuwa bamba yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Inda ƙarfe ke da rai, amo yake yi mai tsawo. Inda ya mutu, sai a ji ƙarar ta toshe. Duk inda ya ji haka sai ya sa sukurdireba ya danna, sau da yawa ta wuce har ƙota, ya zana da'ira da alli. Baƙin shafen da ke ƙasan motar yana nan sumul, amma idan ya ɓamɓare shi sai ka ga bayansa ba komai sai ɓawon tsatsa. Da ya fito ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Alhaji, injin nan lafiyarsa ƙalau. Ƙarfen da ke ɗauke da shi ne ya mutu. Tsatsa irin gara ce a ƙyauren katako, fuska tana nan, ciki ya ƙare. In kana son in rufe, akwai masu yi, ba ni ba. In kana son in yanke, sai ka yi haƙuri da ni, kuma ba zan gaya maka iyakarta ba sai na buɗe." Baba ya ce, "Malam, yanke."

Aikin farko na fitar da kaya ne. Aka cire kujeru, aka naɗe kafet da soson da ke ƙarƙashinsa, wanda ya sha ruwa har ya yi nauyi. A wani lungu muka tsinci 'yan kwabban Jamus, na ajiye ɗaya. Ƙarƙashin soson akwai shimfiɗar kwalta da aka manna wa daɓen don rage ƙara. Wannan da asuba ake ɓamɓarar ta, lokacin da sanyin hunturu ya busar da ita tana karyewa, domin da rana ta ɗaga sai ta yi danƙo ta riƙe cizal. Aka janye wayoyin wuta da siraran bututun roba masu zuƙar iska da ke kulle ƙofofi, aka sauke bututun man gas da na birki da ke bin ƙasan motar, aka cire batir, aka fitar da tankin mai daga bayan kujerar baya aka kai shi nesa. Sai da motar ta koma kwango sannan na ga ƙasa ta cikinta, ramuka a wajen ƙafar direba da na gefensa, wasu har tafin hannu yana wucewa.

Duk da haka bai ɗauki almakashi ba. Ya ce gishiri ya ci daga ƙasa, amma ruwan da ya jiƙa kafet daga sama yake zuwa, kuma wanda ya yi daɓe bai toshe hanyar ruwa ba ya yi aikin baban giwa. Ya sa ni na riƙa zuba ruwa da buta a kan gilashin gaba, shi yana ciki da tocila. Ya gano robar gilashin ta tsufa ta tsage a kusurwa. Ya gano magudanan da ke gindin maratayin bonet sun toshe da ganye da laka, ruwa yana taruwa yana cin ƙarfe. Ya gano ruwan batir ya cinye mazauninsa har ya huda bangon da ke tsakanin inji da fasinja, daidai saman ƙafar Umma. Waɗannan ya fara sawa a lissafi.

Sannan ya koya mini abin da ya bambanta wannan mota da babbar mota ko Land Rover. Su suna da shasi daban, dogayen ƙarafa biyu da ake ɗora bodi a kai a ɗaure da noti. Marsandi irin tamu kuwa bodin ne shasin. Daɓe da dokin ƙofa da ginshiƙan ƙofofi da rufi da ƙarafan da suka miƙe daga gaba zuwa baya, duk an haɗe su wuri guda, kowanne yana ɗauke da ɗan'uwansa. Dokin ƙofa akwati ne mai tsawo, rufaffe, ƙarfinsa yana cikin rufuwarsa. Ka yanke shi ba shiri, tsakiyar mota ta lotsa, ƙofofi ba za su sake zama daidai ba har abada. Don haka ya ɗora ta a kan kututturai, ya daidaita ta da ruwa a cikin siririn tiyo har kusurwa huɗu suka yi kai ɗaya, ya kafa sandunan ƙarfe a bakin kowace ƙofa da walda, ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa ya yi mata ƙulli a matsayin awo. Kuma gefe ɗaya yake yi, ba ya taɓa na biyu sai na farko ya tsaya da ƙafarsa.

Neman ƙarfe ni da babban yaronsa muka riƙa zuwa Ƙofar Ruwa, shi kuma ya zaɓa. Daɓen mota kaurinsa kusan milimita 1 ne, saboda haka rufin wata mota da ta yi haɗari ya saya, domin rufi ne wurin da ruwa ba ya kwanciya. Na shasi da mazaunin jak ya nemi wanda ya ninka wannan kauri. An kawo masa kwanon rufin ɗaki da araha, ya ƙi, ya ce ya yi siriri, kuma farin shafen da ke jikinsa idan ya sha wuta hayaƙinsa yana kwantar da mutum. An kawo gangar mai, ya ce ba zai sa wuta a abin da bai san me ya kwana a cikinsa ba. Ƙarfe yana ɗaga shi ne ya lanƙwasa gefe da yatsa, ya buga ya saurara, ya san ko zai yi.

Ƙa'idarsa a yanka guda ɗaya ce: a ci gaba har sai bakin ya yi fari yana ƙyalli. Ramin da ya kai tafin hannu, kafin ya kai ga lafiyayyen ƙarfe ya zama faɗin faranti. Yakan ɗora kwalin madara a kan gurbin, ya bi gefen da yatsa mai baƙin mai har siffar ta fito, ya yanke kwalin, ya ɗora a kan ƙarfe ya zana da alli. Daɓen asali yana da tudu da kwari a jere, waɗanda ke hana shi lanƙwashewa da kaɗawa idan mota na tafiya. A masana'anta babban inji ne ke buga su lokaci guda. Shi da guduma ya fitar da su, ɗaya bayan ɗaya, a kan ƙarfen dogo da kwarmin kututture, yana gwadawa yana komawa, har layin sabon ya haɗu da layin tsohon. A nan ne maƙerin da ke cikinsa ke fitowa. Bugunsa ba shi da ƙarfi sosai, amma babu wanda ke faɗuwa a banza.

Walda da wutar kabaid ake yi. A zuba duwatsun kabaid a tukunya, ruwa ya ɗiga a kansu, su fitar da iska mai warin tafarnuwa, a haɗa ta da oksijin a bakin bututu. Zai kunna ta fito ja da baƙin hayaƙi, ya riƙa murɗa maɓalli har ta koma shuɗiya da ɗan farin harshe a tsakiya, wanda zafinsa ya haura digiri 3,000. Irin wannan zafi a kan siririn ƙarfe haɗari ne, yana huda shi ko ya murɗe shi. Don haka ba ya jan walda a miƙe. Ɗigo zai yi a nan, ya tsallaka can nesa ya yi wani, ya dawo tsakiya, yana bin kowane ɗigo da guduma tun yana ja, yaro yana tare masa da ƙarfe ta baya. Baki da baki yake haɗa sabo da tsoho, ba ya ɗora wani kan wani, domin tsakanin faranti biyu nan ne ruwa ke samun ɗaki. Inda masana'anta ta yi ɗigon walda na lantarki, shi huji yake yi a jere ya cike su da narkakkiyar waya. Aikina shi ne zama a ɗaya gefen da bokitin ruwa da jiƙaƙƙen tsumma, ido a kan tsohon shafe da ragowar soso, in kashe duk abin da ya kama. Ban taɓa jin an ba ni amana mai nauyin wannan ba.

Mafi wuya shi ne gefen dama ta baya, inda mazaunin jak ya haɗu da wurin da ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya yake ɗaure. Nan nauyin mota da bugun hanya ke taruwa. Ya buɗe akwatin dokin ƙofar, ya kwashe laka busasshiya mai farin ɓawo a jikinta, ya ce in taɓa da harshe, na ji gishiri. Ya sake gina bangon ciki tukuna, ya zura wa ƙarfen shasin ɗan'uwa a cikinsa wanda ya zarce wurin haɗin ta kowane ɓangare, ya karkata yankan don kada haɗin ya tsaya a layi guda, ya mayar da bututun jak a gurbinsa da awon igiya, ya ƙarfafa shi sama da ƙasa, sannan ya rufe da bangon waje. Wani yaronsa da ya gaji ya ce, "Maigida, wa zai leƙa nan bayan an rufe?" Bai ɗaga kai ba ya ce, "Ba mai leƙawa. Amma ƙannen wannan yaron a saman nan suke zama, kuma salansa a ƙarƙashinsu take. Huji ɗaya ya isa hayaƙi ya sa su barcin da ba na Allah da Annabi ba."

Da aka gama wuta, sai da dare ya yi ya sa fitila a ƙarƙashin motar, ya shiga ciki yana neman inda haske ke ɓullowa, ya zagaye kowane tsinin allura da alli don gobe. Bayan nan aka goge da burushin waya, aka shafa jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje, aka bar shi ya bushe a iskar hunturu, aka bi haɗin da kwalta. Cikin dokin ƙofa da ƙarafan shasi, inda burushi ba ya kaiwa, ya ɗura baƙin mai haɗe da giris mai ɗumi. Ya bar ƙananan ramuka a ƙasa, ya kama hannuna ya nuna mini su ya ce, "Ɗana, waɗannan kada kowa ya toshe su. Ruwa zai shiga ko an ƙi ko an so, a bar masa hanyar fita. Kafin kowace damina ka sa waya ka zungure su, da na gindin bonet."

Ranar karɓar mota Baba ya zo bayan la'asar da goro. Malam ya ce kada ya dubi fenti tukuna. Ya sa aka kawo jak ɗin nan da ya kunyata mu a hanyar Jibiya, aka zura shi a rami na farko, motar ta tashi. Tana sama ya buɗe ƙofofi huɗu ya rufe, kowace ta shige da yatsa biyu. Haka aka yi a sauran ramukan uku. Da ya faɗi kuɗinsa, ya fi abin da masu foti suka nema nesa ba kusa ba. Baba, wanda yini yake yana ciniki a kan turmin atamfa, bai nemi ragi ba. Ya ƙirga ya miƙa, ya ƙara wa yara na shayi, ya ce, "Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka." A hanya ya gaya mini cewa akwai abin da ake tayawa, akwai wanda ake godiya a kansa.

Motar ta ƙara shekaru masu yawa a gidanmu. Ta kai mu ƙauye kowace Sallah da buhunan shinkafa a but, ta kai yayyenmu mata ɗakunansu, ta yi ta zirga-zirgar Maraɗi, a kanta na koyi tuƙi. Duk farkon damina ina kwanciya a ƙarƙashinta da waya a hannu. Da ƙarfin Baba ya ragu ya sayar da ita ga wani direban haya daga Nijar, kuma kafin a yi ciniki sai da ya ɗaga masa kafet ya nuna masa kowane haɗi. Baba da Malam duk sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu, ya sa aikin hannunsu ya zama shaida a gare su.

Yau motoci sun canja. Ana shafa wa ƙarfensu sinadarin da ke jinkirta tsatsa, rabin jikinsu roba ne, masu hali suna walda da injin lantarki mai tura waya da kansa. Amma ciwon bai tafi ba. Yawancin motocin da muke saye na hannu ne, da yawa kuma daga arewacin Amurka da Kanada suke fitowa, inda ake watsa gishiri duk lokacin sanyi. Muna zagaya su a wurin dillali muna duba fenti da sanyin iska, ba mai durƙusawa. Idan ƙasan ya huje, a cike da foti a shafe. Idan abin ya yi yawa, 'yan gwangwan su saye ta a kan sikeli, da inji mai sauran rai a cikinta. Samari kuma suna ganin shekarun koyon bodi sun yi tsawo, ga babur da A Daidaita Sahu da ke kawo kuɗi tun ranar farko, ba na kuma ganin laifinsu.

Alhakin yana wuyanmu mu masu motoci. Mai sana'a yana yin aikin da ake biyansa ne. Idan muka taya fanalbita kuɗin foti, foti za mu samu, yaran da ke zaune a gabansa kuma foti za su koya, su ɗauka iyakar sana'ar ke nan. Har yanzu akwai dattawan da suka iya yanka da bugu da haɗi, a Ƙofar Ruwa, a Panteka ta Kaduna, a Maraɗi da Damagaram da sauran garuruwanmu. Wanda ya san ɗaya daga cikinsu ya kai masa motarsa, ya ba shi lokacin da ya nema, ya biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba. Makarantunmu na koyon sana'a su ɗauko irin waɗannan mutane su tsaya a gaban ɗalibai da gudumarsu. Wanda kuma yake da yaro mai son ƙarfe, ya tura shi can lokacin hutu, ko da bokitin ruwa kawai za a ba shi ya riƙe.